A Daina Auna Masu Goge Da Faifai Kaɗai

Akwai wata gardama da ba ta ƙarewa a zaurukan 'yan Arewa mazauna Kurmi, tun daga Agege da Idi-Araba a Ikko har zuwa Sabon Badun da na Shagamu, watau gardamar wane ne gwani a cikin masu goge da kukuma. Wannan ya ce Garba Supa, wancan ya ce ina, ai Hassan Wayam ne, wani dattijo kuma ya ce duk yara ne a gaban Ibrahim Na Habu da Garba Liyo. Da musu ya yi zafi sai a jawo waya a kunna, a ce to ga shi nan kowa ya ji da kunnensa. A shekarun baya rikoda ake jawowa a sa kaset, kafin nan kuwa garmaho. Ko ta yaya dai faifai shi ne alƙali. To, wannan alƙali yana da amfaninsa, amma shaidar da ke gabansa ragaggiya ce, kuma duk wanda ya yanke hukunci da ita kaɗai ya zalunci makaɗan, musamman waɗanda ba su taɓa shiga ɗakin ɗaukar murya ba.

Da farko sai a dubi shi kansa gogen. Ƙwarya ce aka rufe da fatar guza ko ta damo, aka ɗaura mata tsirkiya guda ɗaya ta gashin wutsiyar doki, ana goga ta da wani ɗan baka wanda shi ma gashin doki ne, a kan shafa masa ƙaro don ya kama. Kukuma kuwa ƙanwar goge ce, ta fi shi ƙanƙanta, muryarta ta fi siriri. Abin da aka yi da fata da gashi dole ya bi yanayi. A busasshiyar iskar ƙasar Katagum fatar ta kan ɗaure, muryar ta fito tangaran. A laimar bakin teku kuwa sai ta saki, har sai an shanya ta ko an kara ta a wuta kafin ta dawo daidai. Alhali kuwa manyan kamfanonin faifai na wancan zamani, irin su EMI da Decca, a Ikko suke da ɗakunan ɗaukar murya. Makaɗin da ya kwana a mota ya iso da gajiya, aka shigar da shi rufaffen ɗaki, aka kunna masa jar fitila aka ce bismilla, ba shi ne mutumin da aka sani a dandali ba.

Na biyu, maganar lokaci. Tsohon baƙin faifan garmaho ba ya ɗaukar fiye da kamar minti 3 a kowane gefe. Babban faifan da aka fito da shi a 1948 ya kan ɗauki wajen minti 20 a gefe guda. Kaset, wanda kamfanin Philips ya ƙago a 1963, mai lamba 60 minti 30 ne gefensa, mai lamba 90 kuwa minti 45. Shi kuwa wasan goge a gidan biki bayan lisha a ke fara shi, wani lokaci sai an ji kiran assalatu a ke tashi. A sa'ar farko ma makaɗi lalube ya ke yi, yana auna taron, yana jiran hannu ya yi zafi, masu ƙwarya su daidaita da shi. Sai dare ya raba sa'an nan za a san ko wane ne shi. Abin da faifai ya ɗauko bai wuce lomar farko ba, a kan ta kuma a ke so a yanke wa tukunya duka hukunci.

Na uku, kuma shi ne babba, rabin gwanintar mai goge a wajen jama'a ta ke. Shi ne zai hango wani ya shigo fili ya juya tsirkiya zuwa takensa tun kafin maroƙi ya buɗe baki, har mutumin ya tsima ya shigo da liƙi. Shi ne zai bi ƙafar mai rawa, in ta yi sauri ya bi ta, in ta gaji ya sassauta mata ba tare da kowa ya lura ba. In rigima ta taso a gefe, da sauya kiɗa ya ke kashe ta. Duk wannan ba ya shiga faifan kamfani, domin a can babu mai shigowa, babu mai rawa, babu mai liƙi. Sabo da haka a kan sami makaɗin da faifansa sumul ne amma ba ya iya riƙe taro, a kuma sami wanda faifansa lami ne amma in ya zauna a fili babu mai tafiya gida.

Sa'an nan sai a tambaya, su wane ne ma suka sami shiga faifan? Waɗanda ke kusa da Kano da Kaduna da Zariya, inda gidajen rediyo da dillalan faifai su ke, ko kuwa waɗanda suka sami ubangida mai kuɗin mota da masauki. Mutumin Itas ko Gadau da ya haura shekara 60 zai iya lissafa masu gogen da suka raya bukukuwa da kalankuwa a ƙauyukansu bayan an kawar da amfanin gona, waɗanda a ke tahowa daga nesa a ƙafa don a ji su. Da yawansu sun koma ga Allah ba su bar ko minti ɗaya na kiɗansu ba. In an zauna musu a Agege ba a ambatonsu, sabo da babu abin da za a kunna. Rashin faifai kuwa shaidar nisa da Ikko ce kurum, ba ta ce kome a kan hannun mutum ba.

Su ma Turawa suna fama da irin wannan gardama a kan gogensu mai tsirkiya 4. Paganini na Italiya, wanda har yau su ke kira sarkin gwanaye, ya mutu a 1840, watau shekara 37 kafin Edison ya ƙago na'urar ɗaukar murya a 1877, don haka babu mai rai da ya taɓa jin sa. Joseph Joachim, wanda aka haifa a 1831 ya yi zamaninsa a Jamus, sai a 1903 aka ɗauki kiɗansa, yana da shekara 72, hannu ya riga ya yi nauyi. Masanansu ba su yarda a auna shi da waɗannan 'yan faifai ba, sai su haɗa da abin da mutanen da suka gan shi da ƙuruciya suka rubuta. Bugu da ƙari, tun da aka fara ɗaukar murya a tef, a kan yanke inda makaɗi ya yi kuskure a liƙa inda ya gyara, har faifai ya fito babu tuntuɓe ko ɗaya. Shi ya sa in suna kwatanta gwanayensu irin su Heifetz da Oistrakh da Menuhin, su kan ware abin da aka ɗauka a ɗaki daban, da wanda aka ɗauka a gaban jama'a daban. Wannan tsari ya kamata masu musun goge su ara. A kwatanta goge da goge, kukuma da kukuma, faifan kamfani da faifan kamfani, kaset ɗin gidan biki da ɗan'uwansa, sa'an nan a saurari dattawan da suka ga wasan da idonsu, domin gani ya kori ji.

Duk da haka kada a ce an raina faifai. Ga mutumin da ya yi shekara bai ga gida ba, kukumar da ke fita daga rediyon wani mai shayi a Mil 12 ta fi wasiƙa. Kuma faifan ne kaɗai ke saura in mai shi ya tafi. Hassan Wayam ya rasu, yanzu sai abin da aka ɗauka. Garba Liyo ya yi sa'a, kamfanin Folkways na Amurka ya buga faifansa a 1976, kuma tun da cibiyar Smithsonian ta karɓi kayan kamfanin a 1987 faifan yana nan a adane, alhali da yawan waɗanda aka buga a nan Nijeriya sai an yi cigiya. Dandalin kansa ya tsuke. Bayan da jihohin Arewa suka kafa shari'a a 2000 da 2001 an rufe wurare da dama da a ke wasan goge, kiɗan fiyano na 'yan fim kuma ya mamaye gidajen biki. Ke nan nan gaba faifan ne zai zama shaida ɗaya tilo, sabo da haka wajibi ne a cika shaidar tun masu ita suna da rai.

A nan ne aiki ya hau kan mazauna Kurmi, domin a hannunsu tsofaffin kaset su ka fi yawa, su ne kuma ke komawa gida da ɗan abin hannu lokacin salla da biki. Duk mai kaset a ƙarƙashin gado ya fito da shi a juye shi a kwamfuta kafin laima ta cinye zaren. Wanda ya gayyaci mai goge bikinsa a Itas ko Azare ya nemi izininsa, ya biya shi haƙƙin ɗauka dabam da liƙi, ya sa a ɗauki wasan tun daga farko har tashi, da guɗa da hayaniya da kome, a rubuta sunan makaɗin da garinsa da ranar. Ƙungiyoyin 'yan ƙasar Katagum da ke Ikko da Badun za su iya tara waɗannan su miƙa kwafi ga jami'ar jiha da ke Gadau, wadda ke cikin ƙaramar hukuma ɗaya da Itas, da kuma Jami'ar Bayero ta Kano.

Akwai masu cewa goge ba abin adanawa ba ne sabo da tsohuwar alaƙarsa da bori da gidajen mata masu zaman kansu. Ba a tilasta wa kowa saurare ba. Amma a cikin waɗannan waƙoƙi akwai sunayen manoma da direbobi da fatake da masu unguwanni waɗanda babu littafin da ya rubuta su, akwai kuma Hausar da ta fara ɓacewa daga bakin yara. Wanda ya bar su suka ruɓe ya zubar da tarihin garinsu da hannunsa.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya ba na raye masu kula da su.