Sharar Ofisoshin Gwamnati: Dukiyar Da Ake Biyan Kuɗi A Zubar

A cikin watan Yunin shekarar 2024 ne Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta amince da hana amfani da robobi da ledojin da ake yarwa bayan amfani sau ɗaya a dukkan ma'aikatu da hukumomin gwamnatin tarayya. Kafin wannan, a watan Janairun shekarar, gwamnatin Jihar Legas ta haramta farar robar nan mai kama da soso da ake zuba abinci a ciki. Babu shakka waɗannan matakai ne da suka dace. To amma duk wanda harka ta taɓa kai shi wata sakatariyar gwamnati, ya leƙa bayan ginin, ya san cewa roba ɓangare ɗaya ce kawai na abin da ake jibgewa a can. Akwai tulin takardu, da kwalaye, da karyayyun kujeru, da matattun na'urorin sanyaya ɗaki, da kwamfutoci, da batura, da motocin da tayoyinsu suka nutse cikin ƙasa har ciyawa ta fito ta cikinsu.

Abin da ya kamata 'yan kasuwa su lura da shi shi ne cewa gwamnati tana biyan kuɗi sau biyu a kan waɗannan kaya. Ta biya ɗan kwangila ya kawo su, sa'an nan ta sake biyan wani ɗan kwangilar ya kwashe su zuwa juji, ko Olusosun a Legas, ko Gosa a Abuja. Alhali kuwa a ƙofar jujin akwai mutane tsaye da sikeli, suna jiran sayen abin da aka zubar ɗin da kuɗi hannu.

Takarda ita ce babbar matsala, domin kuwa kusan kowace fara ta rubutu da ɗab'i da ke kan teburin ma'aikaci daga ƙetare aka shigo da ita. Idan ba a manta ba, Nijeriya ta kafa manyan masana'antun takarda guda uku: na Jebba a Jihar Kwara, wanda ya fara aiki a 1969, da na Oku Iboku a Jihar Akwa Ibom, wanda aka buɗe a 1986 domin takardar jarida, da kuma na Iwopin a Jihar Ogun, wanda aka gina domin farar takarda amma bai taɓa yin aiki yadda aka tsara shi ba. Kafin ƙarshen shekarun 1990 duk sun durƙushe, daga baya aka sayar da su ga 'yan kasuwa. Tun da aka saki darajar Naira ga kasuwa a watan Yunin 2023, dalar Amurka da ake samu a kan kimanin Naira 460 a farashin gwamnati ta haura Naira 1,500 a farkon 2024. Ke nan kowane rim na takarda mai ƙwaya 500 da aka ɓarnatar, kuɗin musaya ne aka ƙona, irin wanda mai shigo da magani ko kayan gyaran injuna yake fafutikar samu.

A ɗauki misali da taron kwamiti mai mutum 30, wanda za a raba wa kowa rahoto mai shafi 40. Idan aka buga a fuska ɗaya, kamar yadda aka saba, an ci takarda 1,200, wato fiye da rim biyu. Idan aka buga gaba da baya, an ci 600. Wannan ba ya bukatar sabon inji ko ƙwararre daga waje, umarnin Babban Sakatare kawai yake bukata. Kuma sanin kowa ne cewa rabin mahalarta irin wannan taro a kan kujerunsu suke barin rahoton idan an tashi.

Me ya sa abu mai sauƙi haka ya gagara? Amsar ba ta rasa nasaba da yadda ake sayen kayan ofis. Kasafin kayan rubutu yana daga cikin kuɗaɗen yau da kullum da ake kashewa ba tare da idon jama'a ya kai gare su ba, kuma ma'aikatar da ta yi tsimi a bana tana fargabar a rage mata kason baɗi. Mai kawo kaya yana son su ƙare da wuri. Jami'in da ke da hannu a kwangilar shi ma haka. Saboda haka ɓarnar tana da masu cin moriyarta, tsimin kuwa ba shi da uban gida. An gwada magance wannan a ƙarshen 2015, lokacin da Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ƙarƙashin Kemi Adeosun ta kafa sashen rage kashe kuɗi, wanda a 2016 ya kai ga hana sayen jakunkunan taro da kayan tsaraba a bukukuwan gwamnati. Darasin da ke cikin wannan shi ne, shara mafi sauƙin kawarwa ita ce wadda ba a sayo ta ba tun farko.

Akwai kuma masu ganin cewa komawa aiki da kwamfuta zai share hawaye baki ɗaya. Jihar Edo ta ba da sanarwar daina aiki da fayil ɗin takarda a 2023, ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayya, Didi Walson-Jack, shi ma ya sanya ƙarshen 2025 a matsayin wa'adin ma'aikatun tarayya. Wannan abin a yaba ne, musamman ga ɗan kasuwar da ya taɓa yin wata uku yana zirga-zirga domin an ce fayil ɗin biyansa ya ɓata tsakanin bene na biyu da na uku. Sai dai a yi hattara. Jami'in da bai amince da wutar lantarki ko intanet ba, zai buga kowane saƙo ya adana a kabad, sai a wayi gari ana aiki biyu. Bugu da ƙari, kwamfuta ita ma shara take zama bayan 'yan shekaru, kuma sharar tata ta fi ta takarda haɗari nesa ba kusa ba.

Ƙasar nan ta ɗanɗana kuɗarta a kan shara mai guba. A 1988 aka gano dubban ganguna na guba da aka kwaso daga Italiya aka jibge a garin Koko, wanda yanzu yake Jihar Delta. Wannan abin kunya ne ya haifar da dokar soja mai lamba 42 kan shara mai cutarwa, da mai lamba 58 wadda ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, duk a shekarar. Hukumar NESREA ta 2007 ita ce ta gaji aikin tilasta bin dokokin muhalli, kuma tun 2011 akwai ƙa'idojin da suka shafi kayan lantarki. Duk da haka, tsohon batirin ofis da aka yi gwanjonsa ba tare da tambayar inda za a kai shi ba, yana iya ƙarewa a wata maƙera inda ake fasa shi da adda, a tsiyayar da ruwansa a ƙasa, a narka darmarsa a fili. Abin da ya faru a Ogijo ta Jihar Ogun, inda hukumomi suka rufe wasu wuraren narka batir a 2025 saboda gurɓata muhalli, ya isa jan kunne. Wanda ya tuna yaran da gubar darma ta kashe a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010 ya san irin aikin wannan ƙarfe a jikin yaro. Bai kamata gwamnatin da ta yi doka ta zama ita ce mai ciyar da masu karya ta ba. Irin waɗannan kaya, wajibi ne a sayar da su ga masu lasisi kaɗai, ko da tayinsu bai kai na wasu ba.

Dangane da sauran kayan kuwa, doka ta riga ta share hanya. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007, a sashe na 55 da na 56, ta yi bayanin yadda ake rabuwa da kadarar gwamnati: a ƙiyasta darajarta tukuna, sa'an nan a nemi tayi a fili. Abin da ake gani a aikace daban ne. Ko dai a bar kaya su ruɓe shekara da shekaru domin babu jami'in da ke son sa hannu a kira shi gaban masu bincike, ko kuma a yi gwanjon da ba wanda ya ji labarinsa sai waɗanda aka shirya wa. Motar da za a iya gyarawa a shekarar da ta tsaya, bayan damina biyar sai dai a auna ta a kilo. Tsohuwar sakatariyar tarayya ta Ikoyi, wadda ta koma kango bayan an mayar da babban birni Abuja a watan Disambar 1991, ita ce babbar alamar wannan hali na barin dukiya ta lalace a tsaye.

Hujjar da aka fi kawowa game da takardu ita ce sirri. Hujja ce mai ƙarfi, domin akwai dokar sirrin gwamnati ta 1962, da dokar adana kundin tarihi ta 1992 wadda ta tsara yadda ake tantance abin ajiyewa da abin lalatawa, ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Ba wanda zai ce a loda fayil ɗin filaye ko na fansho a mota a kai kasuwa. Amma sirrin da ake taƙama da shi ya daɗe da fita ta ƙofar baya. Mai sayen ƙosai ko tsire a bakin titi ya sha karanta wasiƙar wata hukuma, da tambarinta da sa hannun jami'inta, a jikin takardar da aka ƙunshe masa abinci. Ƙona takardu a bayan ofis shi ma ba mafita ba ne, hayaƙi ne ga maƙwabta da asarar abin da ke da daraja. Hanyar da ta dace ita ce a tantance, abin tarihi ya tafi ma'ajiyar tarihi ta Ibadan ko Enugu ko Kaduna, sauran a yayyanka shi da inji a gaban shaidu, a ɗaure a auna a sayar. Masu yin takardar goge hannu da kwali da kiret ɗin ƙwai ba ruwansu da abin da aka rubuta a jikin takardar.

A nan ne maganar ta zo kan 'yan kasuwa kai tsaye. Cinikin kayan bola a biranen kudu, daga Legas zuwa Ibadan har Fatakwal, yana da ɗimbin 'yan arewa a cikinsa, tun daga yaron da ke tura baro har zuwa dillalin da ke cika tirela da ƙarfe zuwa masana'antun narka ƙarfe. Su ne suka san farashin kilo na kwali da gorar ruwa da gwangwani da tagulla. Amma mafi yawansu ba za su iya shiga tayin gwamnati ba, domin ba su da rajistar kamfani, ba su da takardar shaidar biyan haraji. Sai wani mai takardu, wanda bai taɓa ɗaga buhu ba, ya ci kwangilar, ya juyo ya sayar masu da riba. Har ila yau sana'ar tana fama da baƙin jini saboda ɓata-garin da ke sace murfin magudanun ruwa da wayoyin lantarki, abin da ya sa hukumomin Abuja suka hana yawon bola a cikin gari, suka kuma rufe kasuwannin panteka na ɗan lokaci a farkon 2025. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Muddin ƙungiyoyin masu wannan sana'a ba su yi wa mambobinsu rajista da katin shaida ba, ba su kuma riƙe littafin abin da suka saya da wanda ya sayar masu ba, laifin mutum ɗaya zai ci gaba da rufe shagon mutum ɗari, kuma ƙofar tayin gwamnati za ta ci gaba da zama a rufe gare su.

Akwai wasu mutane da bai kamata a manta da su ba, wato masu shara da masinjoji. A ofisoshi da dama su ne suke tsince gorunan ruwa su sayar wa masu kunu da zoɓo, su tara tsofaffin jaridu su kai wa masu awo. Ɗan abin da suke samu yana cike giɓin albashin da sau da yawa kamfanin kwangila ne ke biya, kuma ba ya zuwa kan lokaci. Duk tsarin da zai ƙwace wannan daga hannunsu ya miƙa wa babban kamfani, to zai gamu da zagon ƙasa, domin su ne ke riƙe da kwandon. Gara a sa su cikin tsarin, a ba su wani kaso a rubuce a kan kowane kilo da suka ware.

Saura batun inda kuɗin zai shiga. Tun daga 2015 da aka tilasta amfani da asusun bai-ɗaya na gwamnatin tarayya, duk abin da hukuma ta samu can yake tafiya. Wannan ya toshe ƙofofin sata da yawa, amma kuma ya sa shugaban ma'aikata ba ya ganin amfanin wahalar da kansa kan cinikin kwali, tun da ko kwabo ba zai dawo ofishinsa ba. Ma'aikatar Kuɗi tana iya gyara wannan ba tare da taɓa dokar asusun ba, ta hanyar mayar wa kowace ma'aikata wani ɓangare na abin da ta tara a kasafinta na gyare-gyare. A ɗaya ɓangaren kuma, Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya, wanda rahotonsa na shekara-shekara ya saba kawo ƙorafi kan kayan sito da ba su da lissafi, yana iya neman kowace ma'aikata ta nuna rim nawa ta saya, kilo nawa ta sayar, wa ya saya, kuma a kan nawa. A riƙa manna sanarwar gwanjo a jaridu da rediyo, har da harsunan gida, aƙalla mako biyu kafin ranar, kuma a kasa kayan kashi-kashi yadda mai jarin Naira dubu ɗari biyar zai iya yin tayi a kan kaso ɗaya, maimakon a haɗa mota da kujera da takarda a dunƙule guda wanda sai mai miliyoyi.