Dokar da ta sa ɗan gida ne ake fara kaiwa kasuwa

Ranar 21 ga Mayun 2025, a filin San Mames da ke birnin Bilbao na ƙasar Sifaniya, Brennan Johnson ya ci ƙwallo ɗaya tilo da ta bai wa Tottenham kofin Europa a kan Manchester United. Ba ƙwallo ce mai kyan gani ba, cikin rububi aka ci ta a bakin raga, har sai da ta taɓa jikin Luke Shaw. Amma ita ce ta kawo ƙarshen shekara 17 da ƙungiyar ta Landan ta yi ba ta ɗaga kofi ba.

Duk wanda ya kalli wasan ya ga murnar magoya bayan Tottenham. Waɗanda kyamara ba ta nuna ba su ne mutanen Nottingham, garin da aka haifi yaron, inda ƙungiyar Nottingham Forest ta ɗauke shi yana ɗan shekara takwas ta raine shi har ya zama abin da ya zama. Mahaifinsa David Johnson ma ya buga wa Forest wasa. A kakar 2021/22 Brennan ya ci ƙwallo 16 a gasar Championship, aka zaɓe shi gwarzon matashin ɗan wasan gasar, kuma da gudunmawarsa Forest ta dawo Firimiya bayan shekara 23 tana ƙasa. Shekara ɗaya da 'yan watanni bayan haka, ranar 1 ga Satumbar 2023, aka sayar da shi ga Tottenham kan fam miliyan 47.5. Yana da shekara 22 a lokacin.

Babu sabon abu a ƙaramar ƙungiya ta sayar wa babba ɗan wasa. Abin da ya sa wannan ciniki ya cancanci a sake waiwayarsa shi ne dalilin da ya sa aka yi shi, da kuma hukuncin da ya biyo baya.

Gaskiya ɗaya ce, Forest ita ta fara jefa kanta cikin rami. Da yawa daga cikin 'yan wasan da suka hauro da ita, irin su Djed Spence da James Garner da Keinan Davis, 'yan aro ne, suna gama kaka suka koma gidajensu. Sai mai ƙungiyar, attajirin nan ɗan ƙasar Girka Evangelos Marinakis, ya buɗe bakin aljihu aka kwaso 'yan wasa sama da 20 a bazara ɗaya. Wasu sun biya kuɗinsu. Taiwo Awoniyi na Najeriya ya ci ƙwallo 10 a Firimiya a kakar, ciki har da wadda ya zura wa Arsenal a watan Mayun 2023 da ta tabbatar da zaman Forest a gasar. Wasu kuwa asara ce tsagwaronta, kamar Jesse Lingard da ya karɓi albashi mai tsoka ya tafi bai ci ƙwallo ko ɗaya a Firimiya ba.

A lokacin, Hukumar Firimiya na da dokar da ta taƙaita asarar da ƙungiya za ta iya tafkawa: fam miliyan 105 cikin shekara uku. Wannan adadi na waɗanda suka yi shekarun uku duka a Firimiya ne. Kowace kakar da ƙungiya ta yi a Championship, fam miliyan 13 kawai ake ƙyale mata a maimakon 35, don haka iyakar Forest ta tsaya a fam miliyan 61. Ga sabuwar shiga da ke buƙatar gina tawaga daga tushe, amma igiyar da aka ɗaure ta da ita ta fi ta kowa gajarta.

To me ya sa Johnson, ba ɗaya daga cikin sababbin da aka kwaso ba? Amsar na cikin littafin akanta. Idan ƙungiya ta sayi ɗan wasa kan fam miliyan 40 da kwantiragin shekara biyar, ba a rubuta kuɗin a matsayin kashewar lokaci ɗaya, ana raba shi ne fam miliyan takwas kowace shekara. Idan ta sayar da shi bayan shekara ɗaya kan fam miliyan 35, ribar da za a rubuta mata miliyan uku ce kacal, domin har yanzu darajarsa a littafi miliyan 32 ce. Shi kuwa yaron da ya taso a makarantar horas da matasan ƙungiyar ba a saye shi ba, darajarsa a littafi sifili ce. Duk abin da aka biya a kansa riba ce, kuma a rana ɗaya ake rubuta ta. Kamar makiyayi ne da bashi ya taso wa: idan ya kai sāniyar da ya saya bara kasuwa, da ƙyar ya mayar da uwar kuɗinsa, amma maraƙin da aka haifa a garkensa duk kuɗinsa nasa ne. Ba sai an faɗa masa wanda zai ja zuwa kasuwa ba.

Shekarar lissafin Forest na ƙarewa ne ranar 30 ga Yuni, kasuwar cinikin 'yan wasa kuma ba ta rufewa sai bayan wata biyu. Ƙungiyar ta san tana bukatar sayar da Johnson, amma ta ƙi rabuwa da shi cikin gaggawa. Brentford ta taya shi a waccan bazarar da farashin da bai kai na Tottenham ba, Forest ta ce albarka. Ta jira har ranar ƙarshe ta samu kuɗin da take so. Sai dai kuɗin ya shigo a sabuwar shekarar lissafi, don haka bai toshe ramin tsohuwar ba. A watan Maris na 2024 kwamiti mai zaman kansa ya same ta da wuce iyaka da fam miliyan 34.5, ya zaftare mata maki huɗu. Ta ɗaukaka ƙara, aka yi watsi da ita. Da ƙyar ta tsira a mataki na 17.

Kwamitin bai yi kuskure ba, dokar da aka ba shi ya bi. Matsalar tana cikin dokar kanta. An kafa ta ne don kada ƙungiyoyi su ci bashin da zai durƙusar da su, kamar yadda Portsmouth ta durƙushe a 2010. Amma a wannan shari'a, ƙungiyar da ta yi abin da kowane ɗan kasuwa mai hankali zai yi, wato ta riƙe hajarta har ta yi daraja, ita aka hukunta. Da ta sayar da yaron da araha kafin wa'adin, asusunta zai fi rauni amma littafinta zai fi kyau a idon hukuma. Dokar da ke saka wa mai karyar da kayansa ta hukunta mai haƙuri, ta kauce daga abin da aka kafa ta a kai.

Kuma masu saye sun san da wannan wa'adi. Kuɗin shigar Tottenham a kakar 2022/23 ya haura fam miliyan 500, ya ninka na Forest fiye da sau uku. Mai irin wannan ƙarfi ba ya gaggawa. Yana iya naɗe hannu ya jira maƙwabcinsa ya matsu.

Akwai masu cewa ai haka ƙwallo take tun fil'azal, kuma da gaskiyarsu. Everton ta sayar wa Manchester United da Wayne Rooney a 2004, shekaru kafin a san wannan doka. Ajax da Benfica sun daɗe suna rayuwa da renon matasa suna sayarwa. Shi ma Johnson babu laifin da za a ɗora masa. Rayuwar ɗan ƙwallo a fili gajera ce, rauni ɗaya na iya kawo ƙarshenta, kuma wanda aka yi wa tayin albashi mafi tsoka yana da 'yancin tafiya. Ga shi ya ɗaga kofin da ba kowa ke samu ba. Sai dai akwai bambanci tsakanin ƙungiyar da ta sayar don ɗan wasa ya fi ƙarfinta ko koci ya amince, da wadda ta sayar don akanta ya duba kalanda. Ta biyun ce ke yawaita a Ingila, har a manyan ƙungiyoyin da ba su rasa kuɗi ba. Chelsea ta rabu da Mason Mount a 2023 da Conor Gallagher a 2024, dukkansu 'ya'yan gida, a daidai lokacin da take kwaso 'yan wasa daga ko'ina da dogayen kwantiragi.

Wani abin mamaki shi ne dokar tana ƙarfafa renon matasa, domin kuɗin da aka kashe a makarantar horaswa ba a lissafa shi cikin asara. Tana cewa ku raini yara, sannan ta mayar da sayar da su hanya mafi sauƙi ta tsira. Mai goyon bayan ƙungiya da ya ga yaron unguwarsu ya fara shiga fili, maimakon ya yi fatan ganinsa da kambun kyaftin, lissafin farashinsa yake fara yi.

Gyaran bai fi ƙarfin ƙungiyoyi 20 da ke kaɗa ƙuri'a kan dokokin gasar ba. Idan ana raba kuɗin saye zuwa shekaru, a raba ribar sayarwa ma haka, yadda ciniki ɗaya ba zai share zunubin shekara uku a dare ɗaya ba. A cire albashin 'yan wasan da ƙungiya ta raina da kanta daga lissafin asara, domin riƙe su ma ya zama da lada a littafi. Sannan a daidaita ranar rufe lissafi da ranar rufe kasuwa, kada mai sayarwa ya kasance yana da wa'adin da mai saye ba shi da shi. Manyan ƙungiyoyi ba za su yi ɗokin wannan gyara ba, tun da tsarin yanzu yana kawo musu hajar da suke so har ƙofar gida. Amma ƙuri'a 14 ake bukata kafin a sauya doka, kuma manyan ba su kai haka ba.

Kafin nan, ƙungiyoyi sun koyi karatun da hukuncin Forest ya koyar da su. A ƙarshen Yunin 2024, Aston Villa da Everton suka yi musayar matasa biyu, Tim Iroegbunam da Lewis Dobbin, kowacce ta rubuta riba. Villa ta kuma sayar wa Chelsea da Omari Kellyman, ta karɓi Ian Maatsen daga wurinta.

Forest kanta wannan karon a ɓangaren masu saye ta tsaya. Newcastle ce ta shiga matsi, sai ta sallama mata Elliot Anderson, wanda shi ma ya shiga makarantar Newcastle yana ɗan shekara takwas, kan kimanin fam miliyan 35. Kocin Newcastle Eddie Howe bai ɓoye cewa ba da son ransa aka sayar da yaron ba. Anderson ya zama ginshiƙin tsakiyar Forest, ƙungiyar ta ƙare kakar 2024/25 a mataki na bakwai, ta samu gurbin gasar Turai. A cikin cinikin, Newcastle ta karɓi mai tsaron raga Odysseas Vlachodimos daga Forest, wanda bai buga mata wasan Firimiya ko ɗaya ba a kakar.