Wa Ake Yi wa Jafi?

Tun da hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya a watan Disamba na 2024, ake ta kiraye-kirayen mu ma Katsinawa mu gyara namu hawan yadda zai jawo baƙi masu yawon buɗe ido. Karrama baƙo wajibi ne a addini da ta'ada, kuma dukawa da maɗinka da masu masauki za su sami alheri. Wannan babu jayayya.

Sai dai kuma, idan Yandaka ya taso daga Dutsin-Ma, Maradi ya taso daga Kurfi, kowanne da dagatansa da mahayansa da makaɗansa, suka ɗauki ɗawainiyar dawaki da harawa har cikin birnin Katsina, to haƙiƙa caffa ce ta kawo su, domin jafin da ake yi a Ƙofar Soro sabunta mubaya'a ne ga Sarki a gaban shaidu. Shi kansa jerin da hakimai ke bi yana da ma'ana, balle ga Yandaka, wanda yake cikin masu zaɓen Sarki tare da Kaura da Galadima da Durbi. Kirarin da maroƙa ke yi masa kuwa tarihin gidansa ne, wanda baƙo ba ya ji, alhali talakan Dutsin-Ma da ke tsaye cikin rana yana ji.

Mun ga yadda abin ke sauyawa. A Kaduna an yi wa Sarauniyar Ingila hawa a 1956, aka sake yin wani a 1977 lokacin bikin FESTAC, babu Idi, babu azumin da aka kammala, sai rumfar manyan baƙi. Duk ranar da aka shiga taƙaita kirari don kada baƙo ya gaji, ko aka jinkirta fitowar Sarki don jiran masu ɗaukar hoto, to an juya kan doki daga fada zuwa waccan rumfa, ko da ado ya ninka na da.

Shawarata ita ce, baƙo ya zo ya tarar da hawa a lokacinsa da tsarinsa, a haɗa shi da tafinta. Daga kuɗin da aka samu ta hanyar baƙi kuma a ware wani kaso ga makaɗa da masu ɗinkin lifidi, sa'an nan ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma su bi dattawan Kurfi da Dutsin-Ma su rubuta kirarin gidajen nan daga bakinsu.