Tiyatar haihuwa kyauta: Sauran aiki na hannun gwamnoni

A watan Nuwamban 2024 ne Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da shirin yi wa mata marasa galihu tiyatar haihuwa kyauta. Mataki ne abin yabo a ƙasar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata 82,000 sun rasu sanadin ciki da haihuwa a 2020.

Sai dai a manyan asibitoci ake tiyata, alhali akasarin matan karkarar Arewa a gida suke haihuwa. Idan jini ya ɓalle da tsakar dare, ungozoma da mota ake fara nema. Ƙananan asibitoci kuwa suna hannun jihohi da ƙananan hukumomi. Muddin gwamnoni ba su wadata su da ma'aikata da motocin ɗaukar marasa lafiya ba, masu naƙuda da yawa ba za su kai ɗakin tiyatar ba.