Nasiha a kan sababbin shirye-shiryen gidajen talabijin da rediyo na jama'a

 Kun sani a farkon kowane rubu'in shekara gidajen talabijin da rediyo na gwamnati sukan yi shelar shirye-shiryen da za su kawo, na noma da lafiya da tarihi da wasan kwaikwayo. A zamanin nan kuma wasu gidajen watsa labarai sun ƙara da abin da ake kira fodkas. Ni abin da na gani shi ne, shelar sabon shiri ba ta isa ba sai an haɗa da alkawarin ajiye shi.

Gidajen nan ba na mutum ɗaya ba ne, daga baitulmali aka gina su. A 1962, zamanin Sardauna Ahmadu Bello, aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna. A 1977 gwamnatin tarayya ta tattara gidajen talabijin a ƙarƙashin NTA. Kano ta kafa nata, CTV, a zamanin gwamna Abubakar Rimi, shi ne yau ake kira ARTV. Sai a 1992 doka ta ba 'yan kasuwa izinin buɗe nasu. To, ɗan kasuwa riba yake nema, ba a zarge shi ba. Amma gidan da aka gina da dukiyar talakawa, bashin ilimi ne a wuyansa.

Mu da muka tashi a tsangaya mun san bambancin allo da kundi. Abin da aka rubuta a allo, in an biya sai a wanke. Abin da ya shiga kundi kuwa jika ma ya tarar da shi. Shirin da aka watsa sau ɗaya a iska rubutun allo ne. Wanda yake gona a sa'ar nan, ko wanda aka ɗauke wa wuta, ya rasa ke nan. Fodkas kuwa kundi ne. Sunan ya fito a 2004, ma'anarsa murya ce da ake naɗa, a ajiye ta a intanet kashi kashi, mai saurare ya sauke ta a wayarsa, ya ji sa'ad da ya ga dama, ya maimaita inda bai gane ba. Magana zalla ana iya matse ta har minti ɗaya ya zama wajen rabin megabayit, watau shirin rabin sa'a ya tsaya wajen 15. Mutum ɗaya ya sauke, ya tura wa goma ba da ƙarin kuɗi ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wannan. Na taɓa zuwa wani gidan rediyo, ba zan faɗi sunansa ba, neman hirar da aka yi da wani dattijo malaminmu a kan tarihin unguwarmu da rijiyoyinta. Ma'aikacin ya karɓe ni da mutunci, ya duba, ya dawo ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, an naɗi wani abu a kan kaset ɗin." Dattijon ya riga mu gidan gaskiya, abin da ya sani ya tafi da shi. Kada ku ce wannan sakacinmu ne mu kaɗai. BBC ta Ingila ma ta shafe shirye-shiryenta masu yawa domin tsadar faifai, har a 2013 aka ba da labarin an gano kashi 9 na wasanta Doctor Who da suka ɓace, a wani ɗakin ajiya na gidan talabijin a Jos. Ashe abin da mai shi ya yar, ajiyar wani ce ta cece shi. Dada ina namu? Kasimu Yero ya rasu a 2017, Usman Baba Pategi mai wasan Samanja ya rasu a 2023. Ya kamata yaron yau ya iya samun wasanninsu cikakku, a jere, daga hannun gidajen da suka yi su.

Na san wasu malamai za su ce, wayar nan ita ce ta raba yara da karatu, kai kuma kana ƙara musu dalilin riƙe ta. Maganarsu da gaskiya a ciki. Fodkas ba ya maye gurbin malami, domin ba ya jin tambaya, ba ya gyara kuskure, ba ya ganin fuskar ɗalibi ya san bai fahimta ba. Amma wayar ta riga ta shiga aljihu, in ba a cika ta da abin kirki ba, wani zai cika ta da shirme. Gara malami ya saurara tukuna, sa'an nan ya zaɓar wa ɗalibansa.

Saboda haka ina roƙon shugabannin gidajen nan abu huɗu. Na fari, a buga jadawalin sabon zango tun kafin ya kama, da boko da ajami, domin masu karatun ajami suna da yawa. Na biyu, duk shirin ilimi da aka watsa a ajiye muryarsa kyauta, mara nauyi, da sunan mai magana da ranar da aka yi. Na uku, a kwashe tsofaffin kaset a mai da su cikin kwamfuta tun zafi da ƙura ba su gama da su ba. Na huɗu, kada labarin bukukuwan masu mulki ya cinye lokacin manomi da mai jego da ɗan makaranta.

Ku kuma malamai da almajirai, in an yi shelar sabon shiri ku rubuta musu, ku tambaya a ina za a same shi bayan an watsa. In masu tambaya suka yi yawa, lalle za a ji. Allah ya sa mu dace. Haza wassalam.