Doka Ce Ta Fitar da Yaran Amurka Daga Masaƙa, Ba Tausayin Attajirai Ba

Duk lokacin da aka tada zancen yaran da ke aikin ƙarfi maimakon zama a aji, sai ka ji wasu masu ilimin boko suna cewa gwamnati ta cire hannunta daga harkar kasuwa. Wai in arziki ya bunƙasa, matsalar za ta kau da kanta. Hujjarsu kullum ita ce Amurka, ƙasar da suke cewa ta yi arziki don ta bar ƴan kasuwa sun sha iska. To, mu buɗe tarihin Amurkar mu gani.

A ƙidayar jama'a ta 1900, yara kusan miliyon 1 da dubu 750 masu shekara 10 zuwa 15 ne ke aikin neman kuɗi a ƙasar. A lokacin Amurka ba matalauciya ba ce, ita ce kan gaba a duniya wajen masana'antu. A mahaƙar kwal ta jahar Pensilbaniya, yara maza na wuni a duƙe suna tsince duwatsu daga cikin kwal da hannu, ƙura na cika musu ƙirji. A masaƙun auduga na kudu, ƴan ƙananan yara na hawa kan injuna suna ɗaura zaren da ya tsinke, wasu su bar yatsunsu a can. Arzikin ya zo, amma bai sallami ko yaro guda ba, domin yaro ya fi babba arha kuma ba ya shiga yajin aiki.

Mutane ne suka tashi. A 1903 wata dattijuwa mai fafutikar ƴancin ma'aikata, Mary Harris Jones, ta jagoranci yaran masaƙa daga Filadelfiya zuwa Niyok don shugaban ƙasa Theodore Roosevelt ya gan su da idonsa. Ya ƙi ganawa da su, amma jaridu sun gani. A 1904 aka kafa kwamitin ƙasa na yaƙi da aikin yara, wanda ya ɗauki Lewis Hine, tsohon malamin makaranta, ya riƙa shiga masana'antu da dabara yana ɗaukar hotunan yaran. Malamai, ku lura: ɗayanku ne ya ajiye alli ya nuna wa ƙasa abin kunyarta.

A 1916 majalisa ta yi dokar Keating-Owen, wadda ta hana ƙetara iyakar jaha da kayan masana'antar da ke aiki da yara ƴan ƙasa da shekara 14, ko mahaƙar da ke aiki da ƴan ƙasa da 16. Ai kuwa masu masaƙa suka ce ba su san zance ba. Suka nemo wani uba, Roland Dagenhart, mai ƴaƴa biyu a wata masaƙa ta garin Charlotte, suka ɗauki nauyin lauyoyi, ya shigar da ƙara cewa an tauye masa haƙƙin cin gumin ƴaƴansa. A 1918 Kotun Ƙoli ta soke dokar, alƙalai 5 suka rinjayi 4. Bayan ƴan shekaru wani ɗan jarida ya nemo ɗaya daga cikin yaran, Reuben, ya tarar da saurayi tsamurarre wanda karatunsa bai wuce aji uku ba. Reuben da bakinsa ya ce da an faɗi shari'ar da ya fi masa alheri. Uban ne ya sa hannu, masu masaƙa suka ci riba, ɗan ya biya da jikinsa. Sai a 1938 aka samu dokar tarayya da ta tsaya da ƙafarta.

Za a ce: to gidan da ba shi da abin sawa a tukunya fa, in ba yaron ya nemo ba? Tambaya ce ta gaskiya, kuma ƴan gyaran Amurka ba su kauce mata ba. A 1911 jahar Ilinoi ta fara biyan uwaye mata matalauta, musamman waɗanda mazansu suka rasu, wani tallafi don su riƙe ƴaƴansu, jahohi da dama suka bi sahu. Zuwa 1918 babu jahar da ba ta da dokar tilasta sa yara makaranta. Hani, tallafi da aji, tare suka yi aiki. Sannan duk yaron da aka ɗauka a rabin kuɗi, wani magidanci ne aka hana aiki ko aka karya wa farashi. Aikin yara ba ya maganin talauci, gadonsa yake bayarwa.

Ba muna maganar ɗan da ke taya babansa noma da damina ba, ko ƴar da ke taya uwarta aikin gida, wannan tarbiyya ce. Muna maganar yaron da ake zurawa ramin zinariya a Komabangu, da yarinyar da ke yawo da faranti a tasha da ƙarfe goma na safe, kujerarta a aji ba kowa. Dokar ƙwadago ta Nijar ta hana ɗaukar yaro aiki kafin shekara 14. Doka muna da ita. Wanda zai je ya duba ne muke nema, da tallafin da zai sa uwa ta iya haƙura da cinikin tallar.

Ba a ba kura ajiyar nama. Wanda ke cin ribar gumin yaro ba shi ne zai yanke ranar sakin sa ba. Malam, rajistar kiran suna tana hannunka: ka san wanda ya daina zuwa, ka san ranar da ya daina. Kai sunan gaban kwamitin uwayen yara, kai shi gaban magajin gari, kuma ka sake kaiwa in an yi shiru. Uwaye kuma, kafin ku karɓi kuɗin da yaro ya kawo da yamma, ku tambayi kanku wane ne ya fi cin riba a cinikin nan.