WAƘA MA TANA SON RUMBU

Filin al'adu na wannan wata zai yi magana a kan muryar mawaƙa mata, da yadda ake adana ta don ƴan baya.

Kowane manomi ya san darajar iri. In an yi girbin hatsi, ana zaɓen zangarniya mai kyau, a ɗaure ta daban, a sa cikin rumbu. Ko yunwa ta matsa ba a taɓa ta. Makiyayi ma ba ya sayar da saniyar da ya gada wajen uwa sai dole ta kama. To, waƙa ita ma iri ce. In ba a yi mata rumbu ba, ranar da mai ita ta kwanta dama, rabin abin da ta sani ya bi ta kushewa.

HAMSU GARBA, ƊIYAR MARAƊI

Duk mai sauraren Muryar Sahel ya san Hajiya Hamsu Garba. Wasu suna ce mata Habsu. An haife ta a Maraɗi a shekarar 1958. Allah ya yi mata rasuwa a Yamai cikin watan Disamba na 2022.

Ta yi suna tun zamanin samariya, lokacin mulkin Seyni Kunce, wanda ya riƙe ƙasa daga 1974 zuwa 1987. Ta yi aiki a gidan meri na Yamai, tana aiki tana waƙa. A 1991 tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Annashuwa. Daga baya ta buɗe gidan rediyo nata mai suna Turaki. Ta yi waƙa a kan zaman aure, da auren dole, da son ƙasa, da halin zaman jama'a.

Ga abin lura. Faifanta na farko, mai suna Gargaɗi, bai fito ba sai 2008. A lokacin tana dab da shekara 50. Ke nan ta yi shekaru masu yawa tana waƙa kafin a tattara aikinta wuri ɗaya. Waƙoƙin ƙuruciyarta a rediyo aka ji su, da talabijin, da dandalin wasa, da kaset ɗin da mutane suka riƙa ɗauka da kansu.

Waɗannan shekaru kuwa ba ƙananan shekaru ba ne ga kiɗan Nijar. A cikinsu ne kalangu da ganga da gurumi suka fara zama wuri ɗaya da jita da fiyano da ƙahon bature. Matasa suna gwada sabon abu. Wani gwajin ya yi kyau, wani bai yi ba. Mai son ya san yadda kiɗan zamani ya tsiro a ƙasar nan, dole ya nemi muryoyin wancan lokaci. Ina suke? Suna cikin zaren kaset da zaren gidan rediyo. Zare kuwa ba ya jiran kowa.

YADDA ZARE YAKE MUTUWA

Zaren kaset leda ce siririya, an shafa mata garin ƙarfe mai laushi. In ana ɗaukar murya, maganaɗisun rikoda shi ke jera wannan gari. Jerin nan shi ne murya. In jerin ya watse, murya ta tafi.

Maƙiyan zare guda biyar ne. Akwai zafi: da bazara a Dakoro zafi yana wuce awo 40, leda kuwa tana lanƙwashewa. Akwai ƙurar hunturu, mai goge garin ƙarfen kamar yadda yashi ke goge tukunya. Akwai laimar damina, mai sa zare ya manne da juna ko ya yi fumfuna. Akwai maganaɗisun da ke cikin lasifika, wanda ke rikita jerin in an ɗora kaset a kansa. Na biyar shi ne mutum da kansa. Sau da yawa akan ɗauki tsohon kaset a ɗora sabuwar waƙa a kai. Gidajen rediyo da yawa a duniya, har na ƙasashen Turai, sun yi haka a da saboda tsadar zare. Abin da aka share ta wannan hanya ba ya dawowa.

LABARIN WATA MAWAƘIYAR KANADA

Ga misalin wadda ta yi wa muryarta rumbu. Sunanta Joni Mitchell. An haife ta a ƙasar Kanada a 1943. Ta girma a yankin da ake noman alkama, fili fetal ba dutse ba tudu. Tana da shekara 9 ta kamu da shan inna. Ciwon ya raunana hannunta na hagu. Saboda haka da ta fara kaɗa jita, sai ta riƙa ɗaure tsirkiyar ta wata hanya tata, yadda hannun zai iya. Ita ke tsara waƙarta, ita ke rerawa, ita ke kaɗawa.

Ta yi suna ƙwarai a Amurka da waƙoƙi masu sauƙi, ita da jitarta. Mutane suna so, faifai yana tafiya. Ana nan sai ta juya wajen wani kiɗa da ake kira jaz.

Mene ne jaz? Kiɗa ne na baƙar fatar Amurka, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka. Ya tsiro a birnin New Orleans wajen shekarar 1900. Ana yinsa da ƙaho, da fiyano, da ganguna, da wata babbar garaya mai tsayin mutum. Sirrinsa shi ne, makaɗi ba ya maimaita abu ɗaya sau biyu. Ana ba shi turbar waƙa, shi kuma ya ƙirƙiro nasa nan take, kamar yadda mai kalangu ke amsa wa zabiya a gidan biki. Saboda haka kowane dare kiɗan daban yake. In ba a ɗauka ba, ya wuce ke nan.

A 1976 Joni ta fitar da faifai mai suna Hejira. Daga kalmar hijira ta samo sunan, don yawancin waƙoƙin a kan doguwar tafiyar mota ta tsara su. Bayan haka wani dattijon jaz, baƙar fata, mai suna Charles Mingus, ya aika a kira ta. Ciwo ya riga ya shanye masa jiki, ba ya iya riƙe kayan kiɗa. Ya tsara mata kiɗa, ya ce ta sa kalmomi. Ya rasu a watan Janairu na 1979, kafin aikin ya ƙare. Ta ƙarasa, ta sa wa faifan sunansa.

Masoyanta da yawa ba su ji daɗin wannan sabuwar hanya ba. Gidajen rediyo suka ja baya da sa waƙarta. Amma zaren gwaje-gwajen da ta yi, da na wasannin dandali, ba a zubar ba. An ajiye.

A 2015 jijiyar jini ta fashe mata a ka. Sai da ta sake koyon tafiya. Daga 2020 aka fara buɗe rumbun nata, ana fitar da tsofaffin ɗauka kashi kashi, da saninta da yardarta. Kashi na 4 ya fito a watan Oktoba na 2024. Faifai 6 ne, sun ƙunshi aikin 1976 zuwa 1980, wato shekarun jaz. A ciki ana jin waƙa tun tana ɗanya, kafin a gyara ta. Ana jin yadda aka gwada da waɗannan makaɗa, aka sake gwadawa da wasu. Abin da aka ƙi jiya, yau shi ake saye da tsada. Da tsohuwar zuma ake magani.

Darasin shi ne: lokacin da mawaƙiya ke gwada sabon abu, shi ne lokacin da mutane suka fi raina aikinta. Shi ne kuma ya fi saurin ɓata, don ba wanda ke ganin ya isa ajiya. Sai an yi shekara 40 a gane cewa nan ne aka yi babban aikin.

A NIJAR MA AN GANI

Kada wani ya ce wannan sai ƙasar masu kuɗi. Ga Mamman Sani, mutumin Yamai, mai kaɗa fiyanon lantarki. A 1978 ya ɗauki kiɗansa a gidan rediyon ƙasa. Kaset kaɗan aka buga. Shekara da shekaru ana sa kiɗan tsakanin shiri da shiri a rediyo da talabijin, mutane da yawa ba su ma san mai shi ba. Sai wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya tarar da kaset ɗaya cikin ajiyar gidan tarihi na Yamai. A 2013 aka sake buga shi a faifai. Bayan shekara 35, Mamman Sani ya hau jirgi ya je Turai yana wasa. Kaset ɗaya da aka ajiye da kyau shi ya yi wannan aiki.

A ƙasar Gine kuwa, tsakanin 2008 da 2013, an juye tsohon zaren gidan rediyonsu zuwa na'urar zamani, da taimakon babban ɗakin karatu na Ingila. Waƙa sama da 9,000 aka ceto. Da an ƙara jinkiri, da yawa sun lalace.

AIKIN DA YA RAGE GA MUTANEN KARKARA

Gidan rediyo da gidan tarihi suna da nasu aikin. Amma ba duk waƙa ce ta isa Yamai ba. Daga Kornaka zuwa Sakabal, daga Birnin Lalle zuwa rugagen Tarka, akwai kaset cikin adaka da ƙarƙashin gado. Wani ɗan ci-rani ne ya kawo shi daga Kano. Wani a gidan biki aka ɗauka, muryar zabiyar gari ce wadda ta daɗe da rasuwa. Mai yiwuwa wannan kaset shi kaɗai ya rage a duniya. Ga abin da ya kamata a yi:

Na ɗaya. A fitar da kaset daga rana da laima. A sa shi cikin gidansa, a jera shi a tsaye cikin akwatin ƙarfe mai murfi. A ɗora akwatin a kan dutse ko benci saboda gara da ruwa, a ɗaki mai inuwa.

Na biyu. Kada a ajiye shi a kan rediyo ko kusa da lasifika.

Na uku. A saman kowane kaset akwai ƴan kunnuwa biyu na roba. A karya su. In an karya, rikoda ba za ta iya ɗora wata murya a kai ba.

Na huɗu. Kaset ɗin da ya daɗe a ajiye, kada a jefa shi cikin rikoda kai tsaye. A sa alƙalamin bik a raminsa, a juya a hankali. In zaren ya ƙi tafiya, a bari, kada a ja da ƙarfi. In ya tsinke kada a yar, ana iya haɗa shi.

Na biyar. A juye muryar. A sa sabon pil a rikoda, a shiga ɗaki marar hayaniya, a ajiye salula kusa, a ɗauka daga farko har ƙarshe. Inda akwai gidan rediyon karkara, a nemi ma'aikatansa su juye da kwamfuta, ya fi fita tas. Kada a tsaya da kati ɗaya, don katin salula ma yana mutuwa, yana ɓata. A ba ɗan'uwa na wani gari nasa. Tsohon kaset kuma a ci gaba da ajiye shi.

Na shida, kuma shi ne babba. A rubuta. Sunan mawaƙiya, garinsu, sunan makaɗanta, bikin da aka yi, da shekarar. In ba a tuna shekara ba, a rubuta abin da ya faru lokacin, kamar a ce shekara biyu bayan farin 1984. A rubuta a jikin kaset, a kuma rubuta cikin littafi. Murya marar suna kamar rijiya ce da ba a san mai ita ba, kowa ya zo ya ce tasa ce. Duk wanda ya iya haɗa baƙi da wasali ya isa yin wannan aiki.

WAƊANDA KE RAYE

Kada a jira mutuwa kafin a nemi murya. A ƙauyuka akwai tsofaffi mata da suka san waƙar daka da ta niƙa. Injin niƙa ya shigo, waƙar tana fita. Akwai masu kiɗan ƙwarya. Akwai matan Fulani da waƙoƙinsu na shanu da na suna. Akwai matan Buzaye masu tende. Jikar da ke da salula ta zauna gaban kakarta ta ce: «Kaka, ki yi mini wadda kuke yi kuna ƴan mata.» In ta yarda, a ɗauka. In ta ƙi, a ƙyale ta. Kada a ɗauki muryar kowa a ɓoye, kada kuma a watsa ta ba da izininta ba.

In ta yi kuskure ta sake, kada a share na farko. In ta tsaya ta yi bayani ko ta yi dariya, a bar shi a ciki. Irin waɗannan ne aka tarar a rumbun mawaƙiyar Kanada, su ne kuma mutane suka fi so.

Ajiya daban, ciniki daban. Waƙa tana da mai ita. In mai ita ta rasu, magadanta suna da hakki. A Yamai akwai ma'aikatar kare hakkin mawaƙa da marubuta, wadda ake kira BNDA. Duk wanda baƙo ya zo masa da kuɗi yana son tsohon kaset, kada ya yi gaggawa. Ya nemi dangin mawaƙiyar, a yi shawara, a rubuta yarjejeniya. In za a bayar, a ba da wanda aka juye, na asali ya tsaya gida.

Hamsu Garba ta tafi. Zabiyoyi da yawa na ƙasar Gobir da Katsinar Maraɗi sun riga ta, ba wanda ya buga musu faifai ko ɗaya. Abin da ya rage nasu yana hannun talakawa, cikin adaka. Don tuwon gobe ake wanke tukunya. Kafin damina ta faɗi, kowane mai gida ya buɗe adakarsa ya duba.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rigaya. Allah ya ba da damina mai albarka. Sai wata mai zuwa.